Shin fitowar Daredevil daga kogi baftisma ce?

Bitrus:
'Yan'uwa, ina da tambaya ga masu karanta littattafan zane na jarumai. Na gama karanta labarin Daredevil mai suna Born Again, wanda Frank Miller ya rubuta, David Mazzucchelli kuma ya zana a shekarar 1986. A cikinsa, Kingpin, shugaban masu aikata laifi, ya gano cewa lauyan nan makaho, Matt Murdock, shi ne Daredevil, sai ya raba shi da aikinsa da gidansa da mutuncinsa, daga bisani ya sa aka kulle shi a cikin tasi aka tura motar cikin kogin East River na birnin New York. Da aka ciro motar, ba a sami gawa ba. Tunda Romawa 6:4 ta ce an binne mu tare da Almasihu ta wurin baftisma domin mu yi sabuwar rayuwa, shin daidai ne a ɗauki wannan fitowa daga ruwa a matsayin hoton baftisma idan ana koyar da matasa?

Saratu:
Ɗan'uwa Bitrus, kamannin yana nan, kuma ba na jin tsautsayi ne ya kawo shi, domin sunayen babobin labarin ma daga harshen ikkilisiya aka ɗauko su. Sai dai a ganina ba a bakin kogi aka sake haifar Matt ba. Da ƙarfin kansa ya fasa motar ya fito, ya kuma fito da fushinsa da ruɗewarsa yadda ya shiga da su. Bayan haka ya yi ta gararamba a titi cikin sanyin Kirsimeti, aka soke shi da wuƙa, har ya je ya faɗi a tsohon wurin da mahaifinsa yake atisayen dambe. A nan ne Sista Maggie, wata sistar cocin Katolika, ta same shi, kuma Mazzucchelli ya zana ta rungume da shi kamar yadda ake zana Maryamu riƙe da gawar Yesu. A wannan shafi ba shi da abin da zai iya yi wa kansa ko kaɗan, wani ne ya ɗauke shi, ya yi jinyarsa, ya yi masa addu'a yana cikin zazzaɓi. Idan alherin Allah kake so ka nuna wa matasa, wannan shafin ya fi na kogin dacewa.

Malam Yakubu:
Na yarda da 'yar'uwa Saratu, amma akwai abin da ya kamata a ƙara. Matt ɗan Katolika ne tun yana yaro, ke nan an riga an yi masa baftisma, kuma a koyarwar cocinsa ba a maimaita ta, bisa ga Afisawa 4:5 da ta ambaci Ubangiji ɗaya, bangaskiya ɗaya da baftisma ɗaya. Abin da ake sabuntawa shi ne alkawarin, kamar yadda ake yi a daren jajibirin Ista, inda jama'a ke sake ƙin Shaiɗan da ayyukansa, sannan a yayyafa musu ruwa. Saboda haka labarin ya fi kama da komowar wanda ya yi nisa. Abin da ya fi burge ni shi ne cewa marubucin bai mayar masa da abin da ya rasa ba, domin har labarin ya ƙare bai koma aikin lauya ba, girki yake yi a wani ƙaramin gidan abinci, ya kuma yafe wa tsohuwar budurwarsa Karen Page wadda ta sayar da asirinsa saboda ƙwaya.

Wanda yake neman akasin baftisma a irin waɗannan littattafai, sai ya duba ramin Li'azaru na mugun nan Ra's al Ghul a labaran Batman, inda mutum ɗaya yake ta komawa cikin ruwan don ya tsawaita ransa, yana fitowa da hauka na ɗan lokaci, halinsa kuwa bai canza ba.

Talatu:
Malam Yakubu, misalin ramin nan ya yi kyau ƙwarai. Gargaɗina kawai shi ne kada a sa wa littattafan kayan da ba za su iya ɗauka ba. An kashe Superman a 1992, ya dawo a 1993, kuma tun daga lokacin masu karatu suka daina ɗaukar mutuwar jarumi da muhimmanci, tunda kamfani ba zai binne abin da ke kawo masa kuɗi ba. Yaron da ya saba da haka zai iya jin labarin tashin Almasihu ya ɗauka irinsa ne, don haka ya kamata a buɗe Romawa 6 da Yohanna 3 tukuna, kafin a kawo zanen.

Bitrus:
Na gode muku duka. Zan fara da nassin kamar yadda 'yar'uwa Talatu ta ce, sannan in nuna musu shafin kogin da na Sista Maggie a jere, in tambaye su a wanne ne suke ganin Matt ya canza.