Mofin ɗin da likita ya rubuta wa Hajiya: a ba ta ko a bari?

Kawu: Assalamu alaikum. Na ji an ce likita ya rubuta wa Hajiya mofin, maganin nan mai ƙarfi na kashe zafin ciwo. Ni dai ban amince ba. Sai an cire rai da mutum ake ba shi wannan maganin, kuma gaggauta tafiya yake yi.

Auta: Wa'alaikumus salam. Kawu, a yi mini afuwa, ni ke kwana da ita. Jiya tun ƙarfe 11 na dare har kiran assalatu tana riƙe da ƙarfen gado, zanin da ke ƙarƙashinta ya jiƙe sharkaf da gumi. Ko juya ta muka zo yi sai ta ƙwalla ƙara. Tun da kansar ta shiga ƙashi, farasitamol da tiramadol suka daina yi mata komai.

Yaya Babba: Ni tsorona jaraba. Mun ga yadda kodin ya lalata yaran unguwa, har gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018. Wannan kuma ya fi shi ƙarfi.

Anti Nas: Yaya, waɗancan lafiyarsu ƙalau, maye suke nema. Hajiya ciwo ke cin ta. Tun 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara matakai uku na ba da maganin zafin ciwo: farasitamol, sai irin su kodin da tiramadol, sai mofin idan ciwo ya gagara. Ta wuce biyun farko. Mofin ɗin na ruwa ne, a baki za a ɗiga mata da sirinji duk bayan awa 4, a fara da kaɗan, likita na ƙarawa gwargwadon ciwon. In an bi wannan ƙa'ida ba ya rage kwana. Kawu, abin da ya sa ake ganin kamar shi ke kashewa, mu ne muke jan ƙafa sai ana saura kwana biyu mu yarda.

Kawu: To shahada fa, 'yata? Ba na son 'yar'uwata ta tafi a buge, a laƙanta mata kalma ta kasa amsawa. Wannan ke hana ni barci.

Anti Nas: Na fahimce ka, Kawu, kuma ba zan ɓoye maka ba: kwana biyu zuwa uku na farko za ta yi gyangyaɗi, wataƙila da tashin zuciya, sannan jiki ya saba. Yana ƙulle ciki, dole a haɗa mata da maganin sassauta bahaya. Ƙodarta ma sai likita ya duba kafin ya ƙara. In barcin ya yi nauyi a kira shi ya rage.

Auta: Yanzu ma ai da ƙyar take iya amsawa saboda ciwo. Kwana huɗu ke nan ko taimama ba ta iya yi, in na miƙa mata carbi faɗuwa yake daga hannunta.

Yaya Babba: Wai an tambaye ta ita kanta?

Auta: Da safe likita ya tambaye ta a gabana. Ta ce a ba ta, tana so ta samu ta yi salla.

Kawu: Allah sarki. Ina nan tafe bayan la'asar, a haɗa ni da likitan in ji daga bakinsa.