Filashi ya taɓa cinye muku aiki? Ku zo mu ji

Abban Sadiq, Unguwar Rimi:
Assalamu alaikum. Makon jiya na sayi filashi wajen wani mai tebur a bakin titi, an rubuta giga 64 a jikinsa, kuɗinsa ko rabin na shago bai kai ba. Na zuba hotunan bikin ƙanwata da bidiyon kamu, kwamfuta ta nuna komai ya shiga. Da muka je buɗewa a gidan amarya, na farko-farko suka buɗe, sauran kuwa ga sunayensu amma fanko. Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Wa irin haka ta taɓa samu?

Mai gyaran waya, Tudun Wada:
Wa alaikumus salam. Yallaɓai, araha ba ta ado. Jabu aka ba ka. Cikinsa ƙila giga 8 ne, aka saita shi ya riƙa gaya wa kwamfuta 64. Ni ma an taɓa yi min, guda goma na saro. Yanzu duk wanda ya shigo shagona sai na gwada shi da wata manhaja mai suna H2testw: ta cika shi maƙil, ta sake karantawa, ta faɗi gaskiyar abin da yake ɗauka. Abin da ya wuce iyakarsa ba ya dawowa, don dama bai samu wurin zama ba. Ka koma wa mai hoton.

Maman Hanif, Kawo:
Nawa na asali ne, ni na ja wa kaina. Ina babi na huɗu na rubutun kammala karatu, a shagon buga takardu, ga mai Keke yana min hon a waje. Na fizge filashin yana tsakar ajiya, fitilarsa na ƙiftawa. Da na isa gida kwamfuta ta ce sai an yi masa fomat, wato a goge duk abin da ke cikinsa. Hannuna har ya kai, Yaya ya ce kul! Shi ya zaƙulo min fayil ɗin da wata manhaja, amma aikin kwana uku ya tafi.

Malamin kwamfuta, Barnawa:
Allah ya kiyaye gaba, Hajiya. Abin da ke cikin filashi shi ne a memorin waya, da SSD (ma'ajiyar kwamfuta ta zamani), da ma'ajiyar wayar kanta. Wani injiniyan Toshiba a Japan, Fujio Masuoka, ya ƙirƙiro shi a shekarun 1980. Ƙananan ɗakuna ne da ke riƙe cajin lantarki, shi ya sa ko an ɗauke wuta ba ya mantuwa, saɓanin RAM, ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfuta da ke mantuwa da zarar an kashe ta. Kuma ba abin da ke juyawa a ciki. Laftof ɗina ya taɓa subucewa daga kan benci yana kunne, da tsohon faifai ne mai juyi da sai ta'aziyya, amma SSD ko gezau.

Sai dai yana tsufa. Kowane ɗaki akwai iyakar sau nawa za a goge a sake rubutawa, cajin kuma yana zurarewa a hankali in an jima ba a jona shi ba, zafi na ƙara masa sauri. Na bar wani a aljihun mota ya sha ranar bazara ta shekaru, rabin karatuttukan da na tara a ciki suka lalace.

Ɗan Rigasa:
Ni kuwa giga 32 ne, babu komai ciki, ya ƙi karɓar bidiyo mai giga 5. Na ɗauka jabu ne.

Mai gyaran waya, Tudun Wada:
Naka lafiyarsa ƙalau, ɗan uwa. Tsarin ajiyar fayil da aka ɗora masa FAT32 ne, ba ya ɗaukar fayil guda da ya wuce giga 4. In akwai wani abu a ciki kwashe shi tukuna, sai ka yi masa fomat ka mayar da shi tsarin exFAT.

Abban Sadiq, Unguwar Rimi:
Na gode ƙwarai. Na kira mai hoton, Allah ya sa bai goge memorin kyamararsa ba, ya ce in zo bayan La'asar da filashin kirki. Na kuma biya wajen mai teburin. Yanzu mai yankan farce ne zaune a gurin.