Gilashin VR a gidan baje kolin lissafi: me yake ƙara wa ɗalibi?

Malamar Lissafi: Assalamu alaikum. Ina koyar da lissafi a sakandare. Na ga gidajen baje kolin kimiyya sun fara sanya wa baƙi gilashin VR, wato gilashin da ke nuna wa mutum duniyar da kwamfuta ta ƙera kamar yana cikinta, don su shiga cikin siffofi su zagaya. Maison Poincaré, gidan baje kolin lissafi da aka buɗe a Paris a 2023 ma yana da makamancin haka. To, ni zirin Möbius da takarda da gam nake haɗa shi: a yi wa zirin takarda rabin murɗa, a manne bakinsa biyu. Yaro ya ɗora biro ya bi tsakiya, sai ga shi ya dawo inda ya fara, ya zane ciki da waje bai ɗaga hannu ba. Don Allah me gilashi zai ƙara a kan wannan?

Mai Zane: Wa alaikumus salam, Malama. A kan Möbius kam takardarki ta fi. Amfanin gilashin yana wurin abin da hannu ba zai iya ƙerawa ba. Ɗauki tesseract, wato akwatin da ban da tsawo da faɗi da zurfi yana da awo na huɗu: kusurwa 16, gefe 32, akwati 8. A allo akwati cikin akwati kawai za ki iya zanawa. Da gilashi kuwa kina juya shi, ƙaramin na ciki ya kumbura ya fito waje, na waje ya shige ciki. Nan ne mutum ke gane ashe girmansu ɗaya.

Baban Ɗalibai: Haka ne, amma a gaya wa yara gaskiya: inuwar tesseract ɗin suke gani, ido bai wuce awo uku ba. In babu mai bayani a gefe, kallo kawai za su sha. Ga jiri kuma, don ido na cewa ana tafiya, jiki na cewa a tsaye ake.

Mai Zane: Gaskiyarka, Malam. Sai dai akwai abin da ya fi burge ni. A 2017 masanin lissafi Henry Segerman da abokan aikinsa sun gina sararin hyperbolic a VR, wato wani lanƙwasasshen sarari da ƙa'idojin siffofinsa suka bambanta da waɗanda muka saba. A can, kusurwoyin alwatika ba sa cika digiri 180, kuma akan sami siffa mai gefe biyar da kowace kusurwarta digiri 90 ce. Wannan da ƙafa ake fahimtarsa, bayanin baki ba ya isa.

Malamar Lissafi: Na gode ƙwarai. Wannan mai gefe biyar ɗin ta tsaya mini a rai. Malam, a ganinka minti nawa ya kamata yaro ya yi da gilashin kafin a cire masa?