Ranar da kiɗa ya sa ka yi abin da ba ka yi niyya ba

Ɗan Ƙofar Doka:
Assalamu alaikum jama'a. Jiya muka yi gardama da ƙanena a majalisa, wai shi waƙa ta shiga ta wannan kunne ta fita ta wancan, shi ke nan. Ni ban yarda ba. A hawan Daushen sallar da ta wuce ina tsaye wajen ƙofar fada, aka busa kakaki, algaita ta amsa, sai kawai na ji hawaye a kumatuna. Mahaifina ne ya faɗo mini. Shi yake ɗora ni a wuya in hango marigayi Sarkin Zazzau Shehu Idris, wanda ya yi shekara 45 yana sarauta kafin rasuwarsa a 2020. Na daɗe ban ziyarci kabarin Baba ba. Ranar ko gida ban biya ba, maƙabarta na nufa. Wa ya taɓa samun irin wannan?

Manomin Dakace:
Wa alaikumus salam. Ɗana, ka ce wa ƙanen naka ya tambayi duk wanda ya yi noman gayya. Ina saurayi aka kira gayya a gonar surukin yayana, na je da zazzaɓi a jikina, niyyata in ɗan taɓa in koma inuwa. Mai gangar noma ya biyo bayana, ya kama kirarin kakana, ya ce jikan wane ba ya barin kunya a tsakiya. Wallahi ban san inda zazzaɓin ya shiga ba. Garma ta koma kamar kara a hannuna, ban ɗago ba sai da na ga 'yan mata sun kawo fura. Kwana biyu na yi a kwance bayan nan, amma har yau in aka zauna a ƙauyenmu ana tuna ranar. Yanzu kowa da feshinsa, shi kaɗai a gona, waya a kunne. Aikin yana sauri, ban musa ba, amma gonar ta yi shiru.

Maman 'Yan Biyu, Tudun Wada:
Baba, Allah ya ƙara lafiya. Ni a wajen kiɗan ƙwarya ne, bikin 'yar ƙanwar mamata. Mai amada ta yi baiti a kan macen da ba ta da sana'a, mata suka ɗauki guɗa, ni kuwa na sunkuyar da kai don ji nake da ni take. A satin na fara soya awara a zaure. Da ita nake biya wa yara kuɗin Islamiyya yau.

Ɗalibi daga Samaru:
Nawa ba mai daɗi ba ne. Lokacin zaɓen 2023 na kunna waƙar zambo a teburin mai shayi, na ƙure sauti da gangan saboda abokina yana ɗaya ɓangaren. Tun firamare muke tare. Maganar da ba zan iya faɗa masa da bakina ba, na bar mawaƙi ya faɗa. Ya ajiye kofinsa ya tashi. Waɗanda aka yi wa waƙar ba su san da zamanmu ba, mu kuwa har yanzu gaisuwa ce kawai tsakaninmu, kuma abin yana ci mini rai.

Malamin allo, Ƙofar Gayan:
Ni ba na sauraron kiɗa, kuma kun san abin da malamai da dama suka faɗa a kansa. Amma muryar waƙa ba ganga ba kalangu, ita ma tana aiki. Ina yaro makafi kan rera baitocin Aliyu Namangi, makahon malamin nan namu na Zariya, a bakin masallacin Juma'a. Wani baiti a kan kwanciyar kabari ya hana ni barci, tun daga daren nake tashi asuba ba sai an yayyafa mini ruwa ba. Kai kuma ɗan Samaru, ƙaurace wa ɗan'uwa fiye da kwana uku bai halatta ba. Ka je ka same shi.

Ɗalibi daga Samaru:
Na ji, Allah gafarta Malam. A kasuwar Sabon Gari yake da shago, gobe bayan la'asar zan shiga in sha Allah. Ku taya ni addu'a ya saurare ni.