Hawa keke in aiki ya kai ka wani gari

To ga dai abin da na tsinta daga hirar da aka yi kan masu son hawa keke amma kullum suna kan hanya saboda aiki. Yawanci sun ce in tafiyar kwana biyu ce kar ma ka wahalar da kanka da ɗaukar keken, ka sa hular kwano da takalminka da feda a jaka, can ka yi haya. In za ka daɗe kuwa, wasu sun yaba keke mai naɗewa irin Brompton, yana shiga but ɗin mota ba rigima, sai dai tsada wallahi. Masu shiga jirgi kuma su tambayi kamfanin tun kafin ranar tafiya, don da yawa kilo 23 ne iyakar jaka ɗaya kuma akwatin keke shi kaɗai ma nauyi gare shi.

Hanya fa, ka duba Strava, manhajar waya ta masu hawa keke da gudu, ka ga inda 'yan garin ke bi, ka fita bayan sallar asuba kafin rana da cunkoso, ka dawo ka yi wanka ka tafi mitin. In Ingila ce ka tuna hannun hagu ake bi. Keken kuma ɗaki za ka shiga da shi, kar ka bar shi a harabar otal.