Kiɗa zai iya rage wa Mama zafin tiyata?

Uwar Biyu: Salamu alaikum 'yan uwa, a taimaka min da shawara. An yi wa Mama aiki a ciki, yanzu tana wurina, don Yaya da ya matsa a yi aikin ya ce ofis ya riƙe shi, matarsa kuwa ko leƙowa. Maganin da aka rubuta mata yana tayar mata da zuciya, bayan gida ma ya ƙi fita. Wata nas ta ce in riƙa sa mata kiɗa mai sanyi. Da na sa mata a kunne sai ta daina cije leɓe in za ta juya, har barci ya kwashe ta. Shi ne na janye ƙwayar dare. Jiya ta kwana tana nishi. In ƙara kiɗan ne?

Baban Yara: Wane kiɗa kuma? An yanka mutum an ɗinke, ki ce waƙa? Mayar mata da maganinta yau ɗin nan.

Anti Nas: Malam, ba shirme ba ne. A 2015 mujallar likitoci ta Lancet ta buga wani bincike da ya tattara gwaje-gwaje 73, marasa lafiya kusan 7,000, aka ga kiɗa yana rage zafi da fargaba bayan tiyata, har da yawan maganin da ake buƙata. Hankali yake janyewa daga ciwon, jiki ya saki. Amma ƙari ne a kan magani. 'Yar'uwa, wane aiki aka yi, wane magani ne? In irin su tramadol ne, an san su da tayar da zuciya da hana bayan gida fita, likita zai iya canzawa.

Hajiya Babba: Ke dai gode Allah nas ta kula ku. Ni da aka yi min nawa, sai na yi ta kira ba mai waiwayowa.

Baban Yara: Bincike ko ba bincike ba, na yi jinyar mutane da yawa. Zafi magani yake so, shi ke nan.

Uwar Biyu: Ba ku ga yadda take amai ba ne, tana riƙe ɗinkin da hannu biyu. Ni nake kwana da ita. Kuma ai ƙwayar rana ban hana ta ba.

Anti Nas: To kira likitan yau. In akwai zazzaɓi, ko cikin ya kumbura, ko wurin yana fitar da ruwa, asibiti za ku koma.

Baban Yara: Abin da na faɗa ke nan tun farko.

Uwar Biyu: Bari dai in ga yadda daren yau zai kasance. Wane irin kiɗa ya fi, mai waƙa ko zalla?