Neman kalma: mi za mu ce ma "corail dur" na Faransanci da Hausa?

Mai tambaya, Yamai: Salamu alaikum ƴan uwa. Jibi ina da shirin yara a radiyo kan yadda ake kiwon corail dur cikin akwatin gilashi na ruwan gishiri, na fassara komi amma sunan abin ya tsaya mini. Dabba ce fa ba tsiro ba, ƴan mitsi-mitsi masu gina ma kansu ƙashi irin sinadarin ɓawon ƙwai. A taimaka.

Mushe, Tawa: Murjani mana. Yana cikin suratu Rahman tare da lu'ulu'u.

Hajiya mai kayan ado: Mushe murjanin da muka sani ja ne, na wuya, in ka faɗi haka mata sarƙa za su gani.

Mai tambaya: Gaskiyarki Hajiya, wancan jan na Bahar Rum ne, daban yake da masu gina tudu a teku.

Ɗalibi: dutse mai rai?

Mai tambaya: A'a ƙanena, masu kiwon suna da wani dutse da suke kira haka, sai a rikice.

Dattijo, Tawa: Ku bar aron Larabci. SURIN TEKU. Gara na gina suri kaɗan kaɗan, waɗannan ma haka, har sun yi na tekun Ostareliya mai tsawon kilomita 2,300. Yaron Adar in ya ji suri ya gane.

Mushe: Baba to littafi da alƙalami fa, su ma mu yar?

Dattijo: Da daga Kano kalmar ta fito da tuni kun karɓa, namu ne kullum ba ku ɗauka.

Mushe: Ba zancen Kano ba ne Baba. Suri gida ne, ita dabbar ake tambaya, wadda ke son gishiri giram 35 a lita da ruwa wajen digiri 25 da fitila mai ƙarfi saboda gansakukar da ke cikin jikinta tana ciyar da ita, in zafi ya yi yawa dabbar ta kore gansakukar ta koma fari fat. Suri na mutuwa don zafi?

Mai tambaya: Lokaci ya ƙure. Zan ce murjani mai ƙashi ga dabbar, surin teku ga tudun.

Dattijo: To. Amma ka fara faɗin surin.

Hajiya: Ka dai gaya musu ba na wuya ba ne.